WANE NE BAYAHUDE? WANE NE ANNE?

A birnin Maraɗi da wuya a sami wanda bai san kalmar Bayahude ba, da wuya kuma a sami wanda ya taɓa zama tabarma ɗaya da Bayahude. Almajiri ya san sunan tun daga allo, inda ya karanta labarin Annabi Musa da Bani Isra'ila. Ma'aikaci ya san shi daga rediyo, cikin labarun Gabas ta Tsakiya. A kasuwa kuwa, abin takaici, an mai da shi zagi, ana jifar marowaci ko mai taurin zuciya da shi. Galibin jama'a sun ɗauka Yahudanci addini ne kurum, watau kamar yadda ake cewa wane Musulmi ne, wane Kirista ne. Alhali kuwa su kansu Yahudawa, waɗanda yawansu a duniya ya kai kimanin miliyan 15, kusan rabi a Isra'ila, mafi yawan sauran a Amurka, sun daɗe suna gardama a kan ma'anar sunansu: addini ne, ko kabila, ko kuwa jinin kakanni? Gardamar ta kai gaban alƙalai, ta girgiza gwamnatin Isra'ila a 1958, har yau kuma ba ta mutu ba.

Mutumin kwarin Gulbin Maraɗi ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya gane wannan magana, domin akwai irinta a ƙofar gidansa, cikin sunan nan Anna, wanda wasu ke cewa Azna ko Arna. Amma sai a fara da ta nesa tukuna.

UWA CE KE BA DA SUNA

Bisa shari'ar malaman Yahudawa, wadda aka fara tattarawa a rubuce wajen shekara ta 200 miladiyya, Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa, ko wanda ya shiga addinin a gaban malamai uku, bayan karatu da wankan tsarki, da kaciya in namiji ne. Bahaushe zai yi mamakin wannan ƙa'ida, tun da a wurinsa ɗa na uba ne, sunan uba yake ɗauka, tsagar gidan uba ake yi masa. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne, wanda Bayahudiya ta haifa, ko da ya bar ibada, ko da ya ce bai yarda akwai Allah ba, malaman ba su fitar da shi. Suna ganinsa mai saɓo, amma nasu ne. Ta nan sunan ya yi kama da na kabila. Sai dai kuma baƙo yana iya shiga ya zama cikakken ɗan gida, abin da jini shi kaɗai ba ya bayarwa, ta nan kuwa sunan ya koma na addini. Uban ma ba a bar shi hannu wofi ba, domin matsayin Kohen, watau zuriyar Annabi Haruna masu hidimar ɗakin ibada a zamanin da, ta wajen uba ake gadonsa.

Ba duk Yahudawa suka tsaya kan wannan ba. A 1983 ɓangaren masu sassauci na Amurka ya yarda da ɗan da ubansa kaɗai ne Bayahude, muddin an rene shi cikin addinin, masu tsattsauran ra'ayi kuwa suka ƙi. A 2013 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Yahudawan Amurka ra'ayinsu: 62 cikin 100 suka ce zama Bayahude maganar asali ce da al'ada, 15 cikin 100 kaɗai suka ce addini ne da farko, sauran suka haɗa duka. In kuwa an ce kabila ce, sai a tuna Bayahuden Yaman da Larabci ya tashi, na Polan da harshen Yidish, na Habasha da Amharik, baƙi da farare, abincinsu dabam, tufafinsu dabam. Abin da ya haɗa su shi ne littafi, da ranar Asabar, da bukukuwan shekara, da tunanin cewa tushensu ɗaya.

RANAR DA HUKUMA TA ƊAUKI ALƘALAMI

Muddin magana tana tsakanin malamai da iyalai, gardama ce ta zaure. Ranar da hukuma ta ɗauki alƙalami ta ce za ta rubuta wane ne wane, ranar ce rayuka ke shiga ciki. A Sipaniya an kori Yahudawa a 1492, waɗanda suka karɓi Kiristanci suka zauna, amma aka ci gaba da bincikar asalin jikokinsu, ana hana su muƙamai da sunan tsarkin jini. A Jamus dokokin Nuremberg na 1935 sun ƙirga kakanni: mai kaka uku ko huɗu Yahudawa, Bayahude ne, ko coci yake zuwa. Edith Stein ta zama Kirista a 1922, ta shiga zuhudu, duk da haka aka kashe ta a Auschwitz a 1942, cikin mutum miliyan 6 da aka hallaka.

Da aka kafa Isra'ila a 1948, aka yi dokar komawa gida a 1950, wadda ta ba kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa, amma ba ta faɗi wane ne Bayahude ba. Sai ga Oswald Rufeisen, wanda aka fi sani da Ɗan'uwa Daniyel. Iyayensa duka Yahudawan Polan ne, ya ceci Yahudawa da yawa lokacin yaƙi, ya ɓuya a gidan mata masu zuhudu, ya karɓi Kiristanci, ya zama fada. Ya zo Haifa ya ce kabilarsa Bayahude, addininsa Katolika. Bisa shari'ar malamai maganarsa tana da tushe, tun da Bayahudiya ta haife shi. Amma kotun ƙoli ta ƙi a 1962, ta ce a fahimtar talaka wanda ya shiga wani addini ya fita. A 1970 aka sami akasin haka: Benjamin Shalit, hafsan sojan ruwa, matarsa ba Bayahudiya ba ce, su biyun ba su ibada, ya nemi a rubuta ƴaƴansa Yahudawa ta fuskar kabila. Alƙalai 5 suka ba shi gaskiya, 4 suka ƙi. Majalisa ta yi maza ta gyara dokar a shekarar: Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa ko ya shiga addinin, kuma ba ya bin wani addini. Amma ta buɗe ƙofar zama ɗan ƙasa ga ɗa da jika da abokin aure.

Wannan gyara ya haifi wani ruɗani. Bayan 1989 kimanin mutum miliyan 1 suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, dubbai ɗari-ɗari daga cikinsu jikoki ne ta wajen uba. Ƙasa ta karɓe su, suna aikin soja, amma hukumar malamai ba ta ɗaura musu aure, kuma ba a ɗaurin aure a gaban magajin gari a can, sai su tafi tsibirin Kubrus su ɗauro. Yahudawan Habasha kuwa sai da babban malami Ovadia Yosef ya ba da fatawa a 1973 kafin a yarda da su. An kwashe kimanin dubu 8 ta Sudan a 1984 da farkon 1985, da fiye da dubu 14 cikin awa 36 a watan Mayu na 1991. Na farkon da suka isa, aka ce su yi wankan shiga addinin da suka riƙe shekaru aru-aru, suka yi zanga-zanga a 1985.

Sahara ma ta san Yahudawa. Suna da unguwa da ɗakin ibada a Tamantit cikin Tuwat, har zuwa wajen 1492, lokacin da Shaihu Al-Magili ya sa aka rushe shi, kafin ya zo Kano da Katsina. A Tambutu kuwa akwai iyalai Musulmi masu salla da azumi waɗanda a shekarun 1990 suka fito suka ce kakanninsu Yahudawa ne. Su ke nan asali yana nan, addini ya sauya.

KWARIN GULBI DA MASU ƘASA

Irin wannan hali, na asali yana nan addini ya sauya, shi ne halin dubban gidaje tsakanin Jiratawa da Maraɗi da Tibiri.

Da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Korau ya watse, ragowarsa ta yi gabas zuwa Damagaram. Kwarin Gulbi, mai duhun daji a wancan zamani, ya shiga ƙarƙashin wakilin sabbin masu mulki. Manoma da mahalban kwarin, watau Anna, su suka tayar, suka kashe wakilin, suka kira Ɗan Kasawa wajen 1819 ya zo ya zauna Maraɗi da sunan Sarkin Katsina. Gobirawa kuma, waɗanda Alƙalawa ta kuɓuce musu a 1808, suka sha kashi a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tibiri, tafiyar ƴan kilomita daga Maraɗi. Saboda haka tun farko jama'a iri biyu ne suka haɗu a kwarin: masu sarauta da fadawansu da malamansu, waɗanda Musulmi ne tun ƙarnuka kafin jihadi, da masu ƙasa, waɗanda ke riƙe da tsafin kakanni. Harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, yaƙi ma tare suka yi shi kusan ƙarni guda.

To, mene ne Anne? In an tambayi malami, zai ce wanda ba ya salla. In an tambayi dattijon Anna, amsarsa ta fi wannan tsawo. Masanin nan na Faransa Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin, ya wallafa babban littafinsa a 1975, ya nuna cewa kowace zuriyar Anna tana da abin da take kira gado. Akwai zuriyar noma, da ta halbi, da ta ƙira, da ta masu ruwa. Gadon nan ya haɗa sana'a, da asirinta, da iskokin da gidan ke yi wa yanka, da abin da aka hana ƴan gidan ci ko taɓawa, da tsagar fuska. Ta wajen uba yake sauka. Maƙeri yana wasa da wuta don ubansa maƙeri ne, sarkin ruwa yana shiga gulbi don alkawarin da kakansa ya ƙulla. Mai gida shi ne limamin gidansa, shi ke yanka kafin shuka da bayan girbi, a gandun da dukan gida ke nomawa tare. Buɗin daji, da bikin dubu wanda manomi ke yi in ya tara dami dubu ya zama sarkin noma, duk cikin wannan tsari suke. Wanda ya ce wannan addini ne bai yi ƙarya ba, wanda ya ce asali ne shi ma bai yi ƙarya ba, domin a wurin Anne abubuwan nan biyu ba su taɓa rabuwa ba balle a ba kowane sunansa.

Ko fada ba ta rabu da su sarai ba. Cikin manyan da ke zaɓen Sarkin Katsinan Maraɗi akwai Durbi, wanda sarautarsa ke komawa ga Durbawan da suka riƙi Katsina kafin Korau. A Tibiri akwai Sarkin Anna. Iya a Maraɗi da Inna a Tibiri, ƴan gidan sarauta ne, kuma su ne shugabannin ƴan bori. Irin wannan gauraye ne masu jihadi suka kafa hujja da shi, suka ce sarakunan Hausa sun fita Musulunci, shi ne kuma Shehu Laminu na Barno ya musanta cikin wasiƙun da suka yi musaya da Muhammadu Bello, yana cewa saɓo ba ya mai da Musulmi kafiri. Ashe tambayar wa ke ciki wa ke waje, an taɓa yin ta a nan da tawada da takobi.

Yanzu fa, in Anne ya yi salla, me ya zama? A nan ne maganarsa ta yi kama da ta Ɗan'uwa Daniyel. Jama'a za su ce ya musulunta, ba Anne ba ne kuma, kamar yadda alƙalan 1962 suka bi fahimtar talaka. Amma gadon ba ya wankuwa da alwala. Jikan mahalba, ko ya je Makka ya dawo Alhaji, in aka rasa mai maganin daji, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Maƙerin da ke sahun gaba a masallaci bai bar maƙera ba. Ƙidayar 2012 ta nuna fiye da 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne, masu addinin gargajiya ba su kai ko 1 cikin 100 ba. A bisa takarda ke nan Anna sun kusa ƙarewa. A bisa ƙasa kuwa jikokinsu ne ke noman galibin gonakin kwarin, sun kuma san gidajen da suka fito.

A wajen Kano da Katsina, inda ake kiransu Maguzawa, sunan da masana ke dangantawa da Majusu na Larabci, har akan ce Bamagujen da ya musulunta ya zama Bahaushe. Maganar tana da ban dariya in an duba, domin wanda kakanninsa suka fi kowa daɗewa a ƙasar Hausa shi ake yi wa maraba da shigowa. Hakanan a zangunan Gana akan kira Musulmin da ya fito arewa Bahaushe ko da ba shi da kaka Bahaushe ko ɗaya. Agalawa da Tokarawa, fataken goro na Kano, asalinsu Abzin ne, yau kuwa ba mai ce musu baƙi. A gefe guda kuma, tun ƙarshen shekarun 1920 mishan ɗin SIM ya zauna Tibiri, daga baya Maraɗi da Danja, aka sami gidajen Hausawa Kirista, wasunsu da tsagar Gobir a kunci. Ba wanda ya isa ya ce Hausarsu ta aro ce.

INDA SUKA RABU

Kamar da wane ba ta wane, in ji masu iya magana. Bahaushe ƙofarsa a buɗe take: harshe da zama da aure sun isa, cikin ƙarni guda baƙo ya narke. Tun Maris na 2025 ma, da aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ƙofar ta ƙara faɗi. Bayahude ƙofarsa ƙarama ce, da mai gadi a bakinta, amma akwai ta. Anne kuwa ba shi da ƙofa sam: ba a shiga zuriyar masu ruwa da karatu ko da wanka, sai da haihuwa. Saboda haka Anna ba su da hanyar ƙaruwa sai ta ɗakin haihuwa, hanyar raguwa kuwa tana kowane masallaci.

Babban bambancin shi ne littafi. Yahudawa sun rasa ƙasa da ɗakin ibadarsu tun shekara ta 70 miladiyya, amma suka tafi da Attaura da littattafan shari'a, suka koya wa yara karatu duk inda suka sauka, har jikan da ya bar ibada yana iya komawa ya karanta ya san abin da ya bari. Ilimin Anna a ka yake, kuma a ɗaure yake da wuri: wannan tsamiya, wancan tafki, wannan gandu. In an sare tsamiyar, aka raba gandun, tsoho ya rasu bai faɗa wa kowa ba, shi ke nan. Dajin da ya ɓoye mutanen Ɗan Kasawa ya zama gonaki, tsohon birnin Maraɗi ma ruwa ya ci shi a 1945, aka hau tudu aka sake gini. Ƴan yaƙi da jahilci da suka iya alƙalami suna da aiki a nan, domin sunayen zuriyoyi da tarihin gonaki abin rubutawa ne tun masu saninsu suna da rai, kuma rubuta tarihin kaka ba bin addininsa ba ne.

Wani abu kuma ya haɗa sunayen biyu, shi ne dukansu sun zama zagi a bakin wanda bai san masu su ba. Arne a yau yana nufin jahili ko marar tsarki, har jikan Anna yakan ɓoye asalinsa ranar neman aure. Zagi kuwa ba ya tsayawa a baki kullum. A watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, masu zanga-zanga a Maraɗi sun kai wa majami'u hari, suka kuma sa wa gidan Iya wuta, ita da take ƴar gidan Sarkin Katsina.

GABAN ALƘALI

Takardar shaidar ɗan ƙasa ta Nijar ba ta dogara ga addini ko zuriya ba, kuma tun 1999 uwa tana ba ɗanta zama ɗan ƙasa kamar yadda uba ke bayarwa. Wannan ya rufe ƙofar irin shari'ar Shalit a nan. Amma akwai inda tambayar ke shigowa ta taga. Tun dokar 1962 da ta tsara gidajen shari'a, a maganar aure da gado da gona alƙali yana bin al'adar masu ƙara, da mashawarta masana al'ada a gefensa. Tilas ke nan ya fara da sanin wace al'ada ce tasu.

A tsarin Anna gandu ba ya rabuwa, yana hannun babban gida, ƴa mace kuwa ba ta gadon gona, domin aure zai kai ta wata zuriya. Gamana ake ba ta ta noma a gidan miji. A shari'ar Musulunci ana rabawa, ƴa tana da rabin rabon ɗa. Lokacin da daji yake da yawa ba wanda ya damu. Yau kudancin jahar Maraɗi yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar, a Jiratawa kuma, inda aka gina gandun noman rani a farkon shekarun 1980, taƙi ɗaya na fadama kuɗi ne. Sai a ga ƴan uba ɗaya gaban sarki ko alƙali: maza suna cewa gonar ta kakanni ce, a bar ta yadda aka same ta, mata suna cewa mahaifinsu da salla ya rasu, an yi masa sutura irin ta Musulmi, a raba yadda Littafi ya ce. Mazan nan da ke kafa hujja da al'adar Anna a ranar, galibi su ne za su fusata in an kira su Anna a bakin kasuwa. Kafin a kai igiya gona a auna, sai mai shari'a ya yanke ko marigayin ɗan gadon kakanninsa ne ko ɗan masallacin unguwarsu, ga shaidun ɓangare biyu a zaune, kuma kowane ɓangare gaskiya yake faɗi.